Ba Likita Ba Ce Ni: Ina da Gurbi a Aikin Inshorar Lafiya?

Wata ɗiyarmu daga Kumo ce ta aiko da tambaya. Ta gama digiri a fannin tattalin arziki a Jami'ar Jihar Gombe, yanzu tana hidimar ƙasa, kuma ranta na son aikin tsara manufofin inshorar lafiya. Kawunta ya ce mata wannan gonar likitoci ce, kada ta ɓata lokacinta. Mahaifinta kuma yana da shakku a kan halaccin inshora gaba ɗayanta. Tana son sanin ta ina za ta fara, kuma ko akwai ci gaba a cikin aikin.

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya yi miki albarka.

Kawunki bai faɗi maganar a banza ba, domin yawancin shugabannin hukumomin inshorar lafiya likitoci ne, su kuma ake gani a talabijin. Amma da zai shiga ofishin ya zagaya ɗaki-ɗaki, zai tarar da akawu, da lauya, da masu harhaɗa magunguna, da ma'aikatan jinya, da masu kwamfuta, da masu fita wayar da kai. Wanda ya fi wuyar samu a cikinsu shi ne mutumin da zai zauna da alƙalami ya faɗa maka, da hujja, nawa za a kashe wajen kula da mutum dubu goma a shekara guda. An horar da likita ne a kan mara lafiya ɗaya da ke kwance a gabansa. Ke kuwa shekara huɗu ana koya miki yadda ake raba abu kaɗan ga mutane masu yawa, wanda shi ne ainihin aikin. Ki tuna wa kawunki Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, wanda ya zama Ministan Lafiya a 2023. Likita ne daga Jami'ar Ahmadu Bello, amma sai da ya koma aji ya karanta gudanar da tsarin lafiya a Landan, ya kuma yi digirin harkar kasuwanci a Amurka. Wato ko likitan, idan zai shiga wannan fage, sai ya je ya koyo abin da ke kika fara da shi.

Kafin maganar ofis, ki fara riƙe dalilin da ya sa aikin ya samu. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na duk kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita, a ranar da ciwon ya zo. Ciwo kuwa ba ya duba lokaci. Zazzaɓin cizon sauro ya fi tsanani da damina, daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin da ke hannu kuma sun tafi a taki. Saran kububuwa da ke cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo ya fi yawa lokacin da mutane ke gona. Mace za ta fara naƙuda a wani ƙauye na Nafada, jini ya ɓalle, amma a ɓata sa'o'i ana neman wanda zai sayi tunkiya a daren nan, sai an riƙe kuɗi a hannu sannan a nemi mota. Sau da yawa ba rashin asibiti ne ya kashe ta ba, waɗannan sa'o'in ne. Aikin da kike son shiga shi ne a tara kuɗin tun ana lafiya, domin ranar tashin hankali a tambayi mutum ina ke yi masa ciwo, ba nawa ya zo da shi ba.

Muna yawan kwatanta shi da adashi, amma ki yi hattara da wannan kwatanci, ya sha mayar da ni baya a gaban jama'a. A adashi kowa na da ranar kwasarsa. A nan kuwa wanda ciwo ya kama ne kaɗai ke kwasa, wanda ya shekara bai kwasa ba shi ne ya ci riba. Na taɓa tsayawa a gaban wani dattijo, ɗan kasuwar hatsi, da ya zo da katinsa ya ce ya biya shekara cur ko ciwon kai bai yi ba, don haka a mayar masa da kuɗinsa. Ba wasa yake yi ba, kuma a lissafin kasuwa yana da gaskiya. Gayya ta fi kusa da ma'anar: ka je ka yi wa maƙwabci noma ba don lallai gobe a zo taka gonar ba, sai don a san cewa duk wanda aiki ya fi ƙarfinsa a garin nan ba za a bar shi shi kaɗai ba.

Wannan ya kawo mu ga damuwar Baba, wadda damuwa ce ta mai tsoron Allah, kada ki yi masa gardama a kai. Abin da malamai suka ƙi a inshorar kasuwanci shi ne garari, wato rashin tabbas a ciniki, da kamannin caca da riba: kamfani ya sayar maka da alkawarin da ba a san ko zai tabbata ba, ya kuma ci ribar abin da ya rage. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a Disambar 1985, ta haramta wancan nau'in, ta kuma halatta na taimakon juna, inda abin da kowa ya zuba kyauta ce ga asusun jama'a. Ana kafa hujja da hadisin Ash'ariyawa da ke cikin Bukhari da Muslim, waɗanda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa a mayafi ɗaya su raba daidai, Manzon Allah (SAW) kuma ya yabe su. Shi ya sa idan kin lura, hukumar Gombe da ake kira GoHealth, da BASHCMA ta Bauchi, da ta Kano, duk babu kalmar inshora a sunayensu, taimakekeniya ake cewa. Ki samo wa Baba dokar da ta kafa hukumar, ya kai wa malamin da ya yarda da shi. Kuma ki sani wannan tambaya za ta bi ki duk inda kika je aiki, a masallatai da majalisu. A Billiri da Kaltungo da Shongom kuwa ta ƙofar coci da zumuntar mata ake shiga, can ma da irin nasu tambayoyin.

Tarihin abin gajere ne, ki haddace shi. An kafa NHIS, wato tsarin inshorar lafiya na ƙasa, da dokar soja mai lamba 35 ta 1999, amma ba ta fara aiki ba sai 2005 a zamanin Obasanjo. Shiga ba dole ba ne a lokacin, don haka ta ƙare kusan a kan ma'aikatan tarayya da iyalansu. A 2014 aka sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda sashe na 11 nata ya kafa asusun kula da lafiya na matakin farko da ake kira BHCPF, ya ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya: rabi ya bi ta hannun hukumar inshora, kashi 45 ta hukumar lafiya a matakin farko, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara ware masa kuɗi, kimanin naira biliyan 55. A watan Mayun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar NHIA, sabuwar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ta soke ta da, ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, ta kuma tanadi asusun masu rauni. Ki kula da tazarar nan: shekara shida tsakanin doka da fara aiki, shekara huɗu tsakanin doka da kuɗi. Wanda ba shi da haƙurin irin wannan jira, gara ya nemi wata sana'ar. Dokokin nan biyu, ta 2014 da ta 2022, ki karanta su da kanki daga farko har ƙarshe. Za ki yi mamakin yawan waɗanda ke cin abinci da su ba su taɓa buɗe su ba.

Yanzu ga inda nake son ki tsaya sosai, domin a nan ake gane wanda ya san aikin. Hanya biyu ake biyan asibiti. Ta farko ita ce wadda ma'aikata ke kira kafiteshan: a ba asibiti wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ya yi rajista da shi, ko ya zo ko bai zo ba, asibitin kuma ya ɗauki nauyin ƙananan cututtukansa. Ta biyu ita ce biya gwargwadon aiki, na manyan abubuwa irin su tiyata, inda sai an nemi lambar izini kafin a yi, daga baya asibiti ya aiko da takardun neman biya. Kowace da cutarta. A ta farko, ribar asibiti ita ce kada ka zo, ko in ka zo a sallame ka da farasitamol. A ta biyu, ribarsa ita ce a yawaita gwaji da kwanciya, wani lokaci har da aikin da ba a yi ba.

Ga lissafi mai sauƙi. A tsarin tarayya kuɗin kowane kai ya shafe fiye da shekara goma yana kan naira 750 a wata, sai a 2024 aka fara ƙara shi. Ki ɗauka, a misali, asibiti na da mutum 2,000 a rajistarsa: naira miliyan ɗaya da rabi ke nan a wata. Idan 300 suka zo, kowanne ya tashi a naira 5,000, a ciki za a yi gwaji, a ba da magani, a sayi man janareto. A shekarun farko wannan na iya riƙewa. Bayan darajar naira ta faɗi, farashin magani ya ninka, kuɗin bai motsa ba, me kike zato zai faru? Sai mai kati ya fara jin "babu wannan maganin, je ka saya a waje," sai a ware masa layi daban, ya ga wanda ya zo da kuɗi a hannu ya wuce shi. Mutane na zagin ma'aikatan asibiti a kan haka, wasu kuma sun cancanci zagin, amma tushen matsalar lamba ce da wani a ofis ya bari ta tsufa.

Na koyi wannan ne da kunya. Shekarun baya mun yi rajistar jama'a da yawa a wata mazaɓa, muka rubuta rahoto mai kyau, aka yaba mana. Bayan wasu watanni na koma asibitin sha-ka-tafi na garin ba tare da sanarwa ba. Littafin zuwan marasa lafiya kusan fayau, kantar magani ƙura ce kawai. Incaji, wato shugaban asibitin, ya ce mini kuɗinsu sun makale wata uku, mai kawo musu magani bashi kuma ya daina. Matar farko da ta zo da katinta aka tura ta kemis, ta koma gida ta faɗa wa matan gidansu, su kuma suka faɗa a gidan suna. Cikin mako biyu garin duka ya yanke hukunci cewa katin gwamnati na ado ne. Kuɗin sun zo daga baya, amma dawo da mutanen ya ɗauke mu fiye da shekara. Tun daga ranar na daina burgewa da adadin waɗanda aka yi wa rajista. Abin da nake tambaya shi ne: mutum nawa cikinsu suka zo, nawa suka tafi da maganinsu a hannu ba su biya ko sisi fiye da abin da doka ta ce ba, kuma kwana nawa asibiti ke jira kafin a biya shi.

Wani wurin da ake bukatar masu tunani irinki shi ne ma'anar iyali. Tsarin ma'aikata ya ɗauki ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, ragowar sai an biya musu ƙari. To, ga malamin firamare a Dukku mai mata uku da 'ya'ya goma sha huɗu, ga mahaifiyarsa a gidan, ga marayun ƙaninsa. Wace matar zai rubuta? Waɗanne huɗu? Na ga inda wannan fom ya haddasa rigimar da sai da manya suka shiga. Abin da ke biyo baya kuwa sananne ne: amarya ta zo asibiti da katin uwargida, yaro ya amsa sunan yayansa. A takarda sunan wannan zamba. Ni a ganina rabinsa laifin wanda ya zana tsarin ne bai dubi gidajenmu ba. Amma kada ki yi saurin cewa a buɗe wa kowa, domin kowane kai da aka ƙara kuɗi ne, asusun da ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa kuma rushewa yake yi a kan kowa. Nemo tsakiyar nan da lissafi, shi ne tsara manufa.

Haka batun waɗanda ba su da albashi, su ne kuma mafi yawa. Manomi da kaka yake da kuɗi, don haka karɓa wata-wata ba ta dace da shi ba, sai dai a bi shi lokacin da ya kai amfaninsa Tudun Hatsi. 'Yan acaɓa da direbobi ta ƙungiyoyinsu ake samunsu. Kuma idan shiga ta ganin dama ce, waɗanda suka san suna da ciwo ne ke fara zuwa: mai ciki wata takwas, mai ciwon suga, wanda aka riga aka sa wa ranar tiyata. Masu lafiya su zauna a gida, asusu ya zube. Shi ya sa ake sa wa'adin jira bayan rajista, ake kuma fi son a yi wa gida ko ƙungiya gaba ɗaya. Zan faɗa miki ra'ayina ƙarara: gudummawar ganin dama ba za ta taɓa rufe talakan Balanga ko na Kwami ba. Gana da ta fara nata tsarin a 2003, da harajin kashi 2.5 cikin 100 a kan kayan saye ta riƙe shi. Tailan ma da kuɗin haraji ta rufe waɗanda ba su da albashi. Saboda haka babban ɓangare na aikinki kokawar kasafi ce. A Abuja shugabannin Afirka suka yi alkawari a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, amma ko inda aka rubuta adadi mai kyau, sawa a kasafi daban, sakin kuɗin daban. Wanda ya san hanyar da fayil ke bi daga ma'aikatar kasafi zuwa ofishin babban akanta ya fi mai dogon Turanci amfani a nan. 'Yan majalisa da masu hali kan saya wa jama'a katin shekara guda, Allah Ya saka musu, amma ki riƙa tambaya tun ranar bikin: wa zai biya ta baɗi?

Akwai kuma jarrabawar da ba a rubuta a kowace takardar ɗaukar aiki ba. Idan aka ce ga gurbin marasa galihu kyauta, akwai rajistar talakawa ta ƙasa da ake dogaro da ita, akwai masu unguwanni da kwamitin ci gaban mazaɓa. Duk da haka wata rana za a miƙo miki jerin sunaye daga sama, a ciki har da masu mota. Wata rana mai asibiti zai aiko miki da goron sallah daidai lokacin da takardunsa ke kan teburinki. Haɗa rajista da lambar NIN ya rage sunayen bogi, amma bai cire hannun mutum daga aikin ba. Ki yanke shawarar irin ma'aikaciyar da za ki zama tun kafin ranar ta zo.

Wuraren aikin kuwa suna da dama: hukumar jiha, ofishin NHIA na jiha, kamfanonin HMO da ke tsakanin asusu da asibiti, teburin inshora a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ko na ATBU a Bauchi, hukumar lafiya a matakin farko, da sashen tsare-tsare na ma'aikatar lafiya. Albashin gwamnati ba zai sa ki yi arziki ba, amma a can ake koyon yadda abubuwa ke tafiya da gaske. Ƙungiyoyin ƙasashen waje sun fi biya nesa ba kusa ba, sai dai kwantiragi ne. Waɗanda suka jingina rayuwarsu kacokan a kansu sun ji jiki a 2025 da Amurka ta rufe hukumar agajinta ta USAID. In da zaɓi, ki fara daga sashen tantance takardun neman biya, ko daga teburin asibiti. Aiki ne mai gajiyarwa wanda ba a ɗaukar hoto a cikinsa, amma shekara biyu a wurin za ki san farashin kowane magani, da kowace dabarar da ake yi, da kowane ƙorafin mai kati.

Kada ki yi gaggawar digiri na biyu. Ki fara ƙwarewa a Excel har ki iya warware rajistar mutum dubu hamsin ki fito da sunayen da aka maimaita, sannan ki ɗora da manhajar nazarin alƙaluma irin Stata ko R, ki kuma san DHIS2, manhajar da ake tattara alƙaluman asibitocin ƙasar nan a cikinta. Ki koyi rubuta takarda mai shafi biyu wadda kwamishina zai karanta a mota ya gane me ake so ya sa wa hannu. Bayan shekara biyu ko uku sai ki nemi digirin tattalin arzikin lafiya ko na lafiyar al'umma, lokacin kin san tambayar da kike son amsawa. Ko tallafin karatu na Chevening na Ingila sai mai gogewar aiki ta shekara biyu yake ɗauka. In kina jin Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja, ki rubuta shi a takardar neman aikinki, kada ki raina shi. Kasancewarki mace ma jari ne: mata da yara ne suka fi amfani da katin nan, ke kuma za ki shiga gidan da aka rubuta "ba shiga" ki ji abin da ba za a taɓa faɗa mini a zaure ba.

Tunda kina hidimar ƙasa, ga abin da za ki yi a watan nan. Gombe na da mazaɓu 114, kuma an tsara kowace ta samu asibitin matakin farko guda mai aiki. Ki je na kusa da ke, ki gaida incaji da ladabi, ki nemi izinin zama ranar awon ciki. Ki tambaye shi mutum nawa ke rajistarsa, nawa suka zo a watan jiya, yaushe kuɗi suka shigo masa na ƙarshe, kuma wane magani ne ya fi saurin ƙarewa. Sannan ki fita waje ki zauna a benci da matan, ki tambaye su nawa suka kashe daga gida zuwa nan, har da kuɗin acaɓa. Ki rubuta abin da kika ji a shafi biyu, da lambobinsa, ba tare da sunan kowa ba. Ranar da aka kira ki intabiyu, ki tafi da takardar a jakarki.

Ki gaida Baba da kawun naki.